Rawar da Aka Cusa a Littafin Malam Ashafa

Arzika mai buga kaset maci amana ne, kuma ko a gabansa haka zan faɗa. Ya ɓata sunan mamaci, ya kusa raba mutum biyu da ba su yi masa komai ba.

Munira malamar firamare ce a Limawa. Mahaifinta, marigayi Malam Ashafa, ya bar littafin yara guda ɗaya, Tunkiyar Hassana, labarin yarinyar da ta bi sawun tunkiyarta daga Kiyawa har Dutse. Wata rana tana karanta wa ɗalibai shi a gindin darbejiya, Uwaisu mai ɗaukar bidiyon biki ya tsayar da babur ɗinsa yana saurare.

"Malama, an ga tunkiyar kuwa?"

"Ka makara, ɗalibi. Sai gobe."

Ya dawo gobe, ya dawo jibi. Kafin damina iyayensa sun kai gaisuwa gidan su Munira.

Ya roƙi mahaifiyarta, Inna Rakiya, izinin mayar da littafin fim. Ta ce, "Kada a ƙara wa Malam ko kalma ɗaya." Ya yi alkawari. Ya ɗauki fim ɗin da ɗaliban Munira da tunkiyar aro, ya kai wa Arzika ya buga.

Arzika ya ce a ransa fim ɗin da babu waƙa ba ya ciniki. Bai tambayi kowa ba ya yanko rawar samari da 'yan mata ya cusa a tsakiya, ya ɗora sunan Malam a kan fasta. Farkon shekarun shari'a ne. Har a ƙofar masallaci ana cewa, "Ashe abin da Malam ya rubuta wa 'ya'yanmu ke nan?"

Inna ta gani a gidan maƙwabta. Ta rantse ba za ta ƙara ɗora ido kan talabijin ba, ta mayar da kayan gaisuwa.

Munira ta tura wa Uwaisu saƙo: "Ɗalibina, Inna ba ta cin abinci. Na san ba kai ka yi ba, amma kai ka kai sunan Baba kasuwa."

Ya amsa: "Malamata, laifina ne. Zan zo da wanda na ɗauka da hannuna."

Ya zo da kaset ɗinsa, ya durƙusa a tsakar gida.

"Na yi rantsuwa, yaro."

"Inna, ba sai kin kalla ba. Ki saurara kawai."

Ta juya fuskarta bango, aka kunna. Ita Malam yake fara karanta wa kowane shafi, don haka bakinta ya riƙa bin muryoyin yaran. Da Hassana ta kira tunkiyarta a bakin rafi, Inna ta rufe fuska da mayafi.

"Haka yake faɗa. Har inda yake tsayawa ya ja numfashi." Ta share hawaye. "Ka turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Inna ta dafa kawunansu ta ce, "Allah Ya ba ku 'ya'yan da za ku karanta wa."

Fim ɗin na gaskiya bai yi kasuwa ba, mutane sun riga sun tsani sunan. Yaran Limawa kaɗai suka haddace shi.

Arzika kuwa, kotu ta ƙone kaset-kaset ɗinsa, ta rufe shagonsa, ta ɗaure shi wata shida.