Rabin Kalmar Ramlatu

Gab da magariba Gwadabe mai gyaran rediyo ya koma shagonsa a Rano, zai ɗauko rediyon wani mutumin Kibiya.

A kan teburinsa akwai osiloskop, na'urar da ke zana sauti a gilashi, tsohuwa ce, kwance ya sayo ta a Kano. Da ƙyar ya gane halinta. Ba ta ɗaukar sauti gaba ɗaya, tsintarsa take ɗigo-ɗigo, ga cikinta ɗan mitsitsi. In ta tsinta da sauri zanen ya fito tsaf, amma kafin ƙiftawar ido ta cika. In ka ja mata lokaci, ɗigon ya yi nisa da juna, ta cike tsakanin da ƙarya. Zane ɗaya tak take ajiyewa. Sabo ya shiga, tsoho ya tafi.

Wata rana yana gwaji, 'yarsa Ramlatu ta kai baki makirfo ta ce, "Baba." Rabin kalmar kawai na'urar ta kama. Damina ba ta fita ba zazzaɓi ya ɗauke yarinyar. Ba hoto, ba kaset. Wannan ɗan layi mai lanƙwasa shi ne ya rage masa, don haka bai sake taɓa maɓallin ɗauka ba.

A wannan yammacin garin babu wutar lantarki. Amma da ya tura ƙofa, gilashin na ci, kore shar.

Warin dalma. Sai ƙamshin man kaɗanya, irin wanda uwarta ke shafa mata.

"Baba."

Muryar daga wata lasifika ce da ko waya babu a jikinta.

"Ramlatu?" ya ce da raɗa.

"Rabi ka kama. Danna, in ƙarasa maka."

Ya san mamaci ba ya dawowa. Ya sani sarai. Amma kewa ta fi ƙarfinsa. Ya ja lokacin har ƙarshe don kalmar ta shiga duka.

Ya danna.

Aka kece da dariya. Ba ta yaro ba ce.

Yatsu dogaye masu sanyi suka damƙe wuyan hannunsa.

Ladanin masallaci ya ɗaga murya da kiran salla. Gwadabe ya ja a'uziyya, ya fizge, ya fita da rarrafe.

Washegari da aka kawo wuta ya kunna na'urar. Layi miƙaƙƙe, ko tudu ɗaya babu. Ya rufe ido yana neman muryar 'yarsa a ransa. Ga fuskarta nan, ga bakinta yana motsi. Bai ji komai ba, kuma har yau bai ji ba.