Yayen Da Ya Koma Kyauta

"Ina ɗiyar?"

Ko sannu da zuwa ban yi masa ba. Lurwanu, mijina, ya jingine babur a bakin ƙofa, ya tsaya karkaɗe wando kamar ƙurar hanya ce babbar damuwarmu.

"Ikilima, bari in sha ruwa tukuna..."

"Ruwa na cikin randa, ba su gudu. Ina ɗiyar?"

Bai dube ni ba.

"Inna ta ce a bar ta can. Ta ba Yaya Tsahara riƙo."

Tsahara, yayarsa! Sai da na dafa bango.

Mubaraka ce 'yarmu ta fari. Da ta isa yaye muka kai ta Badagishiri wurin mahaifiyarsa, kamar yadda ake yi wa kowane yaro: ya manta nono, ya saba da kunu, a maido wa uwarsa. Ni da hannuna na ɗaure mata kaya. Nono ya cika ya yi mini tsami, na sha zazzaɓi, na daure. Ashe ina nan ina dakon ranar dawowarta, su suna can sun gama rabo!

"Kuma ka yarda?"

"Ke ai ba ki hana ba! Gabanki Yaya ta hwaɗi tana son ta, kinka sadda kai kina murmushi."

"To mi za ni cewa gaban uwarka? Ɗiyar hwari ce!"

Wannan ne ya fi ƙona mini rai. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban surukai. Haka aka tarbiyyantar da ni, haka na yi. Amma shi fa? Shi da ya san waƙar da nake mata idan mun tura ƙofa, shi ne zai ɗauki kunyata ya mai da ita amincewa?

"Yaya ta daɗe ba ta samu haihuwa ba. Ki tausaya mata, hasken idona..."

"Kashe hasken! In kyauta kake so, ga babur nan, kai mata!"

Daga ranar gidan ya koma kamar na makoki. Ya dawo daga kamfanin siminti fari fat, in dire masa tuwo in juya. Ya ce "Masoyiya", in ce "Akwai gishiri a kwano". Matan unguwa kuma suka yi ta sallama da nasiharsu mai arha.

"Ke da ke yarinya? Ki yi haƙuri, ki haihi wata!"

Wai in haifi wata. Sai ka ce akuya aka sayar mini.

Na kira mahaifiyata ina kuka, ita ma cewa ta yi kada in ba su kunya. Kowa kunya, kowa kunya, babu mai tambayar yadda nake kwana.

Ranar da haƙurina ya ƙare na zura hijabi na tsaya a gabansa.

"Ko ka kai ni, ko in tare motar siminti in hau."

Ya dube ni, ya san ba wasa nake ba. Ya tayar da babur.

Mun same su a tsakar gida, Inna na tsince wake. Ga Mubaraka an yi mata kitso, ƙafa ta sha lalle, ta yi ɓulɓul. Gaskiya Tsahara ta riƙe ta da kyau, wannan kuma sai ya ƙara mini haushi.

Na durƙusa na gaida Inna, idona na kan yarinyar. Ta leƙo ni, ta koma bayan zanen Tsahara ta ɓuya.

Tsahara ta jawo ta tana dariya.

"Hito mana, ɗiyata. Gaida Tanti!"

Yarinyar ta sa yatsa a baki, ta dube ni.

"Tanti..."

Ni ce Tanti, wai gwaggo! Ni da na sha wankan jego saboda ita har fatata ta saɓule! Na so in kira sunanta, kunyar nan tsinanniya ta hana ni. Hawaye kawai suka zubo.

Sai na ga Lurwanu ya miƙe. Mutumin da bai taɓa ko shafa kan 'yarsa a gaban uwarsa ba, ya sunkuya ya ɗauke ta cak, ya zo ya durƙusa da ita a ƙirjinsa.

"Inna, ki gahurta mani. Yaye munka kawo, ba kyauta ba. Laihina ne da ban hwaɗi tun hwarko ba."

"Lurwanu! Ɗiyar hwari ka rungume gabana? Ina kunyarka?"

"Na yi ta, Inna. Ga inda ta kai mu."

Inna ta dube shi, ta dubi fuskata, ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Tsahara, ɗauko mata kayanta."

Tsahara ta fashe da kuka. Na ji tausayinta har cikin raina, wallahi na ji. Amma ban ce a bar mata ba.

A hanya Mubaraka na tsakaninmu, tana ta tsala ihu tana kiran Tsahara "Mama". Kowane kira kamar mari. Na riƙe ta gam, tana ture ni, har ta gaji barci ya fara fizgarta.

Sai na ji ɗan hannunta ya lallaɓo ƙarƙashin hijabi, ya shige wuyan rigata, ya kwanta a inda ya saba.

Na kasa riƙe kukan.

Lurwanu ya rage gudu.

"Ikilima... kin yahe mani?"

"Dubi hanya, Malam, kada ka kashe mu."

"Masoyiya, don Allah..."

Na ɗora goshina a bayansa.

"Tuƙa a hankali. Mubaraka na barci."