Tiyon Birkin Malam Ishiyaku

Kai ma ka bi ta wurin. Ka ga babur ɗin kwance a gangaren hanyar Kahu, ka ce ƙaddara, ka ƙara mai ka wuce. Haka kowa ya yi, ban da Sufeto Amiru na caji ofis ɗin Kibiya.

Mamacin Malam Ishiyaku ne, malamin asibiti mai kai allurar rigakafi ƙauyuka a kan dogon babur na shiga jeji, irin wanda ofis ɗin lafiya ke rabawa. Birkin gaba ne ya ƙi ci. Kafin azahar an yi jana'iza, an kuma tsare Mato bakanike, don shi ke gyara masa babur.

A caji ofis, Sufeto ya tsuguna gaban babur ɗin. Tiyon birkin na roba ne, ya tsufa, ya tsage. Notin da ke riƙe da shi kuwa duk an ciccije shi.

"Kai ka ɗaura wannan?" ya tambayi Mato.

"Yallaɓai, ni na cire irinsa! Robar nan in ta sha rana kumbura take, ta fashe. Mai rigar waya na sa masa. Kuma ni da sifana nake aiki, wannan cizon filaya ne."

"Kowane bakanike haka zai ce."

Amma maganar ta tsaya masa a rai. Ya nufi gidan makoki a Rano, ya yi wa matar mamacin, Ramlat, gaisuwa daga bakin ƙofa.

"Ki yi haƙuri, a ina babur ɗin ke kwana?"

"A ofis, ranka ya daɗe, tare da na abokin aikinsa Sagiru. Har murna ya yi da sabon tiyon, wai yanzu gangaren Kahu ba ya ba shi tsoro."

A waje baburan masu ta'aziyya na jere ƙarƙashin darbejiya. Ɗaya ne dogo a cikinsu, tiyonsa na ƙyalli. Sufeto ya duba notin. Cizo iri ɗaya.

"Na wane ne wannan?"

Sagiru ya taso daga tabarma, carbi a hannu.

"A Kano na sayo shi, Yallaɓai."

"Wane shago?"

"Na manta."

"Wa ya ɗaura maka?"

"Mato."

"To mu je ka faɗa a gabansa."



"Aro na yi," in ji Sagiru. "Nawa ne ya fara yoyo, ga tafiya Rurum. Na musanya, da niyyar in mayar. Kowa a ofis haka yake yi, batir, taya, kaca..."

"Ka gaya masa?"

Sagiru ya girgiza kai.

"Ka bar shi ya hau da birkin da ka san ya mutu. Ka bar Mato a ɗaure. Sannan ka zo gaisuwa da tiyon mamaci!"

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa. Da la'asar aka saki Mato.

Mutanen ofis ɗin nan sun san da wannan aron, babu wanda ya taɓa hanawa. Kai ma akwai irinsa a naka wurin aikin, ka kuma sani. Gobe da safe ka je ka hana, kafin wani ya hau.