Sakan Arba'in Na Muryar Murja

"Sake kunna mata, Fiddausi. Ta ji da kunnenta!" in ji Hajiya.

Murja ta tsaya cak a bakin ƙofar falon, kular tuwon shinkafa da miya a hannunta. Tun da safe take kicin saboda Hajiya, mahaifiyar Ukasha, wadda ta sauka Alƙahira kwana huɗu da suka wuce don a yi mata aikin gwiwa, ta kuma ga yarinyar da ɗanta ya nace sai ita.

Fiddausi, 'yar yayan Hajiya, ta ɗaga wayarta sama ta danna.

"Ni fa ba son sa nake ba..." in ji muryar. "Na zaɓe shi ne don ba ya tambaya. Uwarsa kuwa, tsohuwar nan mai jan ƙafa, ki bar ni da ita. Da hannuna zan dinga haɗa mata shayi. Ba za ta ga ƙarshen shekara ba."

Sai dariya, siririya, mai sanyi.

Muryarta ce. Dariyarta ce.

Murja ta ji wani sauƙi ya sauko mata, har ta yi murmushi. "Hajiya, wallahi littafi ne! Labari ne nake karantawa..."

"Murmushi ma kike yi?" Hajiya ta dafa sandarta. "Ni ce mai jan ƙafar? Ni za ki ba guba?"

"Hajiya, ki tambaye shi! Ga shi nan, ya sani!"

Ukasha yana jingine da bango cikin farar jallabiya, idonsa a kan darduma. Shekara biyu ke nan tana son wannan fuskar.

Littafin ne ma ya haɗa su. Wani marubuci daga ƙasashen Turai masu dusar ƙanƙara ya rubuta shi, labarin wata mata da ta kashe mutum uku a gida ɗaya ba wanda ya zarge ta. An juya shi zuwa Larabci, Murja kuwa fassara take karanta a jami'a. Ranar nan a mikrobas, tana riƙe da shi, wani saurayi a kujerar baya ya ce da Hausa, "Kar ki yarda da likitan." Ta juya a fusace don ya ɓata mata labari. Ashe ƙarya ya yi, so yake kawai ta juyo.

Da labari ya bazu cewa Amurkawa za su sake yin fim ɗinsa, bayan wanda mutanen ƙasar marubucin suka yi, sai 'yan mata daga Kano har Damagaram suka shiga ɗokin sanin abin da ke ciki. Murja ta buɗe zaure a waya, duk Juma'a tana ba su babi ɗaya da Hausa, tana sauya murya ga kowane mutum. Mutum dubu shida suke jiran ta. Kullum musu ake a zauren: wace jaruma za ta iya fitowa a matar, ko Amurkawa za su sauya ƙarshen su lalata shi. Ukasha ya sha ce mata, "Za su ɓata shi, habibti, amma ni zan kai ki ki gani. Fitarmu ta farko bayan biki."

Babi na goma sha tara kuwa tare suka fassara shi, a shagon ruwan rake na Hay el-Sabi'. Ita "gurguwa" ta rubuta. Shi ya karɓi biron ya soke, ya ce "mai jan ƙafa" ya fi zafi.

"Ukasha," Hajiya ta kira shi. "Ka san wani abu game da wannan maganar?"

Ya ɗago kai a hankali.

Murja ta zuba masa ido. Kalma ɗaya ta isa.

"Muryarta ce, Hajiya," ya ce. "Abin da zan iya cewa ke nan."

Kular ta suɓuce. Miya ta fallatsa har gefen siket ɗin Fiddausi, wadda ta ja da baya tana salati.

"Fitar min daga gida," in ji Hajiya. "Ki kwashe tuwonki, kada wani ya ci ya mutu."

*

Kwana uku Ukasha ba ya ɗaga wayarta. Ran na huɗu ta tsare shi a bakin masallacin unguwa bayan la'asar.

"Murja, mutane na kallo..."

"Su kalla! Me ya sa?"

"Ban yi ƙarya ba."

"Kai fa ɗalibin hadisi ne, Ukasha! Shekara shida kana koyon yadda ake bin maganar mutum har tushenta, wa ya faɗa, a wane hali ya faɗa. Ni ce ban cancanci ko tambaya ɗaya ba?"

Ya ja ta gefen wani shagon gasa masara, ya rage murya.

"Kina son gaskiya?"

"Ita na zo nema."

"Na gaji, Murja. Tun bara. Abokaina suna kwaikwayon muryarki a gidan da muke haya suna dariya. Matar malam, mai ba da labarin kisa da zina na Turawa! Da wane ido zan hau mumbari a Funtuwa?"

"Kai ka ce in buɗe zauren..."

"A lokacin burge ni kike yi."

Ta dafe bango. "To me ya hana ka faɗa min? Da ka ce Murja, khalas, na fasa, ai da na yi kukana na haƙura."

"Sai a ce na yaudari 'yar mutane shekara biyu? Na rasa ta inda zan fita, sai ga ƙofa a buɗe."

"Sai ka bi ta kaina ka wuce."

"Ma'alish," ya ce.

Ma'alish. Abin da ake ce wa wanda aka taka wa ƙafa a metro.

"Ka san Fiddausi ce ta yanke shi?"

Ya duba agogo.

"Rabin raina," ta ce, don da wannan sunan bakinta ya saba kiran sa. "Dube ni ka ce ba ka taɓa so na ba."

"Na so ki mana. Amma so daban, aure daban." Ya gyara hularsa. "Ina da darasi."

*

Kafin sati ya zagayo sakan arba'in ɗin nan ya shiga kowace waya. Matan unguwar Arba wa Nus da take sayen daddawa a wajensu suka daina amsa gaisuwarta da kyau. Wata ta janye kofin ɗanta daga kusa da ita.

Murja ta saka cikakken babin a ko'ina, minti arba'in da bakwai, da hoton shafin littafin. 'Yan zaurenta suka tsaya mata, suna rantsuwa. Amma su suna Kano da Maraɗi, waɗanda take gamuwa da su a titi kuwa ba wanda ke da lokacin minti arba'in da bakwai.

A makon ne kuma aka saki tallan fim ɗin. Zauren ya kacame da ihu, an ga fuskar jarumar, an ga gidan, an ga ranar fitowa. Saƙonni suka yi ta shigowa: Anti Murja, kin gani? Anti Murja, saura babi biyar, ki ƙarasa mana kafin ya fito! Ta kifa wayar a kan katifa.

Ta yanke shawarar zuwa asibiti.

Ta tarar da Hajiya ita kaɗai, ƙafa a naɗe da bandeji, tana jan carbi. Murja ta durƙusa har ƙasa, ta ajiye littafin a gefen gado.

"Hajiya, don girman Allah, minti biyar kawai. Za ki ji sunan matar, za ki ji sunan garin..."

"Ajiye wayarki. Na sani."

Murja ta ɗago. "Na'am?"

"Tun washegari jikata ta kira ni daga gida, ita ma tana sauraron ki. Na san littafi ne."

"To Hajiya..." Hawaye suka zubo mata, na murna. "Alhamdu lillahi! To ki faɗa musu!"

"In faɗa wa wa? Dangi kaf na kira na ce Allah ya tsare ni daga mai guba. Yanzu in koma in ce 'yar yayana ta yi min wasa da hankali? In tona wa jinina asiri saboda ke?"

"Sunana fa, Hajiya? Mutuncin mahaifina?"

"Ke yarinya ce, za ki samu wani." Ta juya fuska wajen taga. "Ni dai ko littafi ne, bakin da ya iya wannan dariyar ba zai zauna min a gida ba. Ja min ƙofar, sanyi na shigowa."

A barandar asibitin ta yi kiciɓis da Fiddausi, riƙe da fulas ɗin shayi.

"Lah, Murja! Kin rame."

"Me na yi miki? Tare muke cin abinci a kwano ɗaya, Fiddausi."

"Tun ina aji uku nake son sa, kin sani?" Ta yi murmushi. "Kin iya murya, wallahi. Ban ƙara ko harafi ba."

*

Wata biyu bayan nan aka ɗaura auren Ukasha da Fiddausi, saura kwana tara fim ya fito.

Mahaifin Murja, Malam Harun, shekara goma sha huɗu yana tuƙa mota a kamfanin mahaifin Fiddausi, masu kawo marasa lafiya daga Najeriya. Takardar zamansu a Masar ma a kan aikin take. Ranar Alhamis aka aiko masa cewa shi zai ɗauki ango da amarya daga wurin walima zuwa sabon gidansu.

Ya zauna a bakin gado da makullin a hannu, ya kasa sa takalmi.

"Zan ce ba ni da lafiya, Mamana."

Sunan mahaifiyarsa ta ci, haka yake kiran ta.

"Sai su ce baƙin ciki muke, Baba. Kuma ƙannena suna makaranta." Ta miƙa masa kaftanin da ta goge. "Yalla, ka je. Ni lafiyata ƙalau."

Ya daɗe yana kallon ta kafin ya fita.

Ta share ɗaki. Ta wanke kwanukan da suke a wanke. Ta buɗe zauren, mutum dubu shida na jiran babin ƙarshe, ta danna wurin ɗaukar murya, ta buɗe baki. Ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa, ta kasa. Sai ta rubuta musu layi ɗaya: Ku yafe min, ku jira Amurkawa su ƙarasa muku. Ta rufe zauren.

Gab da magariba ta ji takun Baba a matattakala, a hankali, kamar na wanda ya ɗauko kaya. Ya shigo ya zauna a ƙasa, bai cire hula ba. Rigarsa na ƙamshin turaren amarya.

Ta kawo masa ruwa. Bai sha ba.

"Ka kai su lafiya?"

"Na kai su."

"Ya... ya yi maka magana?"

Malam Harun ya juya kofin a hannunsa.

"Shekara biyu yana durƙusa min yana ce min Baba," ya ce. "Yau da muka hau gada, sai ya ƙwanƙwasa bayan kujerata da yatsa. Ya ce, direba, rage gudu, amarya na jin jiri."

"Me ka ce masa?"

"Na ce to, ranka ya daɗe." Ya sunkuyar da kai. "Na rage."

Murja ta durƙusa a gabansa ta fara kwance masa igiyar takalmi. Ta ɗaya ta kwance. Ta biyun ta ƙulle, ta yi ta ja, ta yi ta ja, ba ta ganin komai, har Baba ya ɗora hannunsa a kanta.