Notin da Ba a Ɗaure Ba

Rana ta yi ja, wani makaniki yana kwance a ƙarƙashin motarsa a tsakar gida, 'yarsa Auta kuma tana kujerar direba. Iska ce ta shiga bututun man birki, in an taka sai ya yi laushi kamar soso. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya ya taka, ɗaya ya sassauta noti, man ya fito da kumfa.

"Taka. Riƙe. Saki."

Matarsa ta leƙo. "Baban Auta, magariba ta kawo jiki. A bari sai gobe mana."

Ina! Mutumin akwai taurin kai, ga gaggawa. Ya fito bai ɗaure notin ƙarshe ba, ya ce Auta ta ɗan matsa gaba ta gwada. Ta taka, birki ya nutse har ƙasa. Motar ta gangara a hankali, ta daki kusurwar tsohuwar katanga. Aka ji wani siririn kuka, irin na jariri. Sai tsit.

Tun daga ranar gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Tsakuwa ta riƙa sauka a kan kwano. Ƙarar birki, ƙarfe na cin ƙarfe, ta riƙa tashi daga cikin ɗakin da babu kowa. Sannan Auta takan miƙe, ido a kafe, ta nufi ƙofa. Ƙofar kuwa babban titi take kallo, inda manyan motoci ke wucewa a guje. Rannan a bakin kwalta aka cafko ta. Uwar ta yi kuka har muryarta ta dishe.

Aka ɗauko wani tsohon malami. Ya zauna kusa da kan Auta yana karatu a hankali, maƙwabta suna danne da ita, ƙafarta ta dama tana ta taka abin da babu. Can bakinta ya buɗe, wata murya mai kauri ta fito.

"Ɗana yana wasa a gindin katanga. Motarku ba ta tsaya masa ba. Ƙafar nan ma ba za ta tsaya ba sai ta hau titi."

"Yarinya ba ta gan shi ba," in ji malamin. "Ka ji tsoron Allah ka fita."

"Zan fita. Amma da ƙafarta zan tafi."

Malamin ya ɗaga hannu, alamar kada kowa ya tanka. Kafin ya ci gaba da karatu, makanikin ya riga shi.

"Ita ta taka iya ƙarfinta! Ni na bar noti a kwance. Ɗauki tawa!"

"Innalillahi," in ji malamin, ya sunkuyar da kai.

Ƙarar birki ta ratsa gidan, doguwa, ta mutu a bakin ƙofa. Ƙafar Auta ta kwanta. Ta buɗe ido, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, na gaji. Zo ka ɗaga ni."

Ya yunƙura. Ƙafarsa ta dama ta ƙi, tana yashe kamar guntun itace. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya fara jan jiki.

"Ga ni nan zuwa, Auta."