Muzun a Bakin Ƙugiya

"Ka sakar mini uluna!"

"Ulunki ne ya kama mini ƙugiya."

"Au, tashi ya yi ya tare ta a sama?"

Yidir yana tsaye a kan dutse a bakin tafkin Bin el Widan, sandar kamun kifi a hannunsa. Iska ce ta karkatar da jifar da ya yi, ƙugiyar ta faɗa cikin jan ulun da wata yarinya ta ɗauraye ta shanya a kan duwatsu.

Ya sauko ya durƙusa yana ɓanɓarewa. Ita tana tsaye a kansa, hannuwanta jawur da rini har gwiwa.

"A hankali, kai ɗan Ait Mazigh. Wata guda na yi ina kaɗa shi."

"Ya aka yi kika san ƙauyenmu?"

"Wa ke jifan ulu da sunan kamun kifi in ba ku ba?"

Da ya ɓanɓare, wani guntun ulu ya maƙale a wuyan ƙugiyar. Ya miƙa mata. Ta dube shi sheƙeƙe.

"Riƙe kayanka, Ɓarawon Ulu."

Haushi ya sa ya sake jifa a haka, da jan ulun yana reto. Ƙugiyar ba ta kai ƙasa ba wani ƙaton kifi da ake kira bas ya haɗiye ta. Sanda ta lanƙwashe. Da ya fito da kifin ya juya, sai ya ga yarinyar ta rufe baki tana dariya.

Sunanta Tuda, 'yar Si Muha mai gonar zaitun. A ranar ya karɓi lambarta, wai don ya riƙa sayen ragowar ulu.

Yidir ba shi da komai sai ɗaki ɗaya a bayan gidan mahaifiyarsa da tebur mai ƙafa uku. Tun da ya gama sakandare bai sami aiki ba. A kan teburin nan yake gyaran jig, wato ƙugiyar nan mai kan dalma da gezar roba. Yakan sayo masu araha a Beni Mellal. Sai ya goge kan dalmar da magagari har ya yi faɗi, don ya riƙa tsayawa a ƙasan ruwa kamar abin da ke kiwo. Ya wasa bakin ƙugiyar. Ya shafe kan da jan farcen ƙanwarsa. Yanzu kuma ya fara cire gezar roba yana ɗaura ulun Tuda a madadinta. Ulu yana shan ruwa, yana nutsewa sannu a hankali, yana buɗewa yana rufewa. Bas ba ya iya haƙuri da wannan.

Duk wanda ya gama, sai ya ɗauki hotonsa ya tura mata.

"Wannan ruwan ɗorawan bai yi ba," ta rubuto. "Ya yi kama da gemun Si Baha mai shayi."

"Kifi bai san Si Baha ba."

"Ya ci sa'a. Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya. Ɓarawon Ulu, dalma ba ta ƙosarwa."

"Ganin sunanki a waya yana ƙosarwa."

Can ta turo: "Kai ma ka iya magana ashe."

Ranar kasuwar Wawizaght suke haɗuwa, bayan rumfar masu tukwanen tajin. Ta ba shi ulu a ƙulle cikin tsumma, ya ba ta gyaɗa mai sukari. Ba sa daɗewa. Garin ƙarami ne.

Shekarar ba a yi ruwan kirki ba, kamar wadda ta gabace ta. Tafkin ya fara ja da baya, ya bar farin zane a jikin duwatsu. Ruwan ya yi duhu, kifi ya daina ganin ulu. Yidir ya yi ta dawowa gida hannu rabbana.

Wata ranar kasuwa Tuda ta miƙo ƙullin, ya ji yana ƙara. Ya buɗe. Muzun ne, ƙananan faya-fayen azurfa da mata ke ɗinkawa a jikin handira, mayafin ulu da amarya ke yafawa ranar da za a kai ta.

"Ka ce kifin ba ya gani. Wannan ko makaho ya gan shi."

"Daga ina?"

"Ragowa ne. A gwangwanin Yemma," ta ce, wato mahaifiyarta.

Ya juya ɗaya a tafinsa. Tsoho ne, mai kauri, ba irin na kasuwa ba. Duk wanda aka haifa a tsaunukan nan ya san ba a barin irin wannan ya zama ragowa. Amma ya yarda, domin yana so ya yarda.

Ya yi wa kowane jig ƙaramin zoben waya, ya rataya muzun ɗaya a ƙarƙashin ulun. A cikin ruwa sai ya riƙa walƙiya yana 'yar ƙara. Bas ya dawo. Tun daga ranar yake kiran ta Muzuna.

"Muzuna, yau uku."

"Ɗaya nawa ne. Na azurfa."

"Duka naki ne. Har da mai kamun."

Labari ya kai kunnen Ridwan, wanda mahaifinsa ke da masaukin baƙi da kwale-kwale a bakin tafki. Baƙinsa daga Kasablanka suke zuwa da kayan kamun kifi na ƙasashen waje, su wuni ba su kama komai ba. Ya zo har ɗakin Yidir da gilashinsa a goshi.

"Injiniya! Na ji an ce kana ɗaura wa kifi kayan amare."

"Me kake so?"

"Sayar mini. Baƙina sun kusa cinye ni."

Yidir ya sayar. Ya ce wa kansa da haka zai sami abin da zai tunkari Si Muha da shi. Bai san mahaifin Ridwan ya riga ya kai kan sukari gidan ba, neman auren Tuda, kuma Tuda ta ce a'a har sau biyu.

Baƙin ba su san tafkin ba. Suka yi ta jifa cikin tsofaffin itatuwan zaitun da ruwa ya shanye tun zamanin kakanni. Can bas yake ɓuya, can kuma ƙugiya take maƙalewa. Zare ya tsinke, su ɗaura wani.

Ɗaya kawai Ridwan ya ajiye. Ranar Juma'a bayan an ci kuskus, ya ɗora shi a kan farantin shayi a gaban Si Muha.

"Ammi," ya ce, wato baffa, "ka ga abin da ake kama kifi da shi yanzu. Na ce ko Lalla Itto za ta gane shi."

Lalla Itto, mahaifiyar Tuda, ta ɗauka ta duba. Ta shiga ɗaki ta buɗe akwati, ta warware handirar da ta shekara tana saƙa wa 'yarta, wadda ta ɗinka wa muzun ɗin mahaifiyarta. Gefe guda duk an ɓalle. Sai zare tsirara.

Saƙon Tuda ya iso da la'asar.

"Kai na ba. Kai kaɗai. Ka sayar wa Ridwan?"

"Ban san na handirarki ba ne."

"Ka sani."

Ya daɗe yana kallon kalmomin nan biyu.

Washegari ya sa jallabiyarsa ta Idi ya tafi gidan. Si Muha bai ce ya zauna ba.

"Me ya kawo ka?"

"Ammi, na zo neman afuwa. Na kuma zo neman Tuda."

"Da me za ka riƙe ta? Da tafkin da ke mutuwa?" Dattijon ya nuna ƙasa da sandarsa. "Itatuwan zaitun ɗina ma sun bushe. Kai kana wasa da jan farce."

Daga bayan labule muryar Lalla Itto ta fito, a sanyaye.

"Amarya ba ta shiga gidan miji da handira mai giɓi. Albarkar kakarta ce ka jefa wa kifi. Ka dawo da su, sannan ka yi magana."

"Lalla, suna ƙarƙashin ruwa."

"To maganarka ma tana can."

Bazara ta shigo da zafinta. Tuda ta daina zuwa kasuwa. Mata suna ta maganarta a bakin famfo, yarinyar da ta tsiraita mayafin aurenta saboda namiji. Da maganar ta yi yawa, mahaifiyar Ridwan ta ce ɗanta ba zai auri abin nuni ba. Ba a daɗe ba ma suka rufe masaukin, domin kwale-kwalensu sun zauna a kan laka. Ridwan ya tafi Kasablanka. Ya fasa tulun, ya bar wasu da ruwan.

Yidir ya cire muzun ɗin da suka rage a teburinsa, ya zuba a kwalbar magani. Ko rufe gindinta ba su yi ba.

Ya riƙa tura saƙo.

"Muzuna."

Shiru.

"Ban ƙara ɗaura ko ɗaya ba."

Shiru.

"Ko zagi ne ki turo."

Bayan kwanaki ta turo: "Ba ni da ƙarfin zagi. Kada ka ƙara kira na da sunan nan."

Ya daina kamun kifi. Yakan dai je ya zauna a kan dutsen nan na farko, wanda yanzu ruwa ya yi masa nisa, ko da jifa ba a kai wa. Kullum bakin ruwan yana ƙara sauka. Tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin haka ba. Aka yi sallar roƙon ruwa, gajimare ya taru, ya watse.

Wata safiya ya hango baƙaƙen abubuwa sun ɓullo a tsakiyar laka. Kawunan itatuwa ne. Gonakin da ruwa ya cinye lokacin da aka gina dam ɗin tafkin suna fitowa.

Ya jira laka ta yi tauri ta tsattsage, sannan ya taka ya shiga. Warin mataccen kifi ko'ina. Ya isa itacen farko ya ɗaga kai.

Suna nan. Jig a rataye a rassan kamar 'ya'yan itace, zare ya nannaɗe su. Ulun ya ruɓe, ƙugiyoyin sun yi tsatsa, jan farcen ya ɓare. Amma a ƙarƙashin kowanne akwai ɗan faifai baƙi ƙirin.

Ya zauna a kan lakar. Abin da ya kashe masa sana'a shi ne yake mayar masa da su. Bai san ko ya yi godiya ba.

Ya yi ta zuwa. Duk lokacin da ruwa ya ƙara janyewa, wani itacen ya fito, ya hau da filaya a aljihu. Rassan suna karyewa, sun yayyage masa hannu. A gida ya goge muzun ɗin da toka da lemun tsami. Ba su koma fari ba. Sun tsaya a toka-toka, kamar sararin da ya ƙi ba da ruwa.

Da kwalbar ta kusa cika, ya ɗauki hotonta ya tura, bai rubuta komai ba.

Amsa ta zo nan take. "Hannunka ne wannan?"

"Shi ne."

"Me ya same shi?"

"Zaitun."

"Wawa. Ka sa masa zuma." Sai kuma wani saƙon: "Ka zo gobe. Yemma tana gida."

Lalla Itto ta juye kwalbar a cinyarta. Ta daɗe tana motsa su da yatsa, tana jera su a gefen handirar. Suka rufe giɓin, sai wani ɗan wuri kamar faɗin tafin hannu.

"Sauran fa?"

"Suna can ƙasa, Lalla. Inda ruwa bai janye ba tukuna."

Ta ɗago ta dube shi, karo na farko.

"To ka yi addu'a kada ka same su, ɗana."

Ta ɗauko allura.

Si Muha ya fi wuya. Sai da aka sha shayi zagaye na uku ya buɗe baki.

"Ɗan ƙanena yana aiki a gonakin tumatir na wajen Agadir. Suna neman hannu. Ka bar tafkin nan, in ba ka ita."

Yidir ya kalli labule. Ya ga yatsun ƙafar Tuda masu lalle a ƙarƙashinsa, sun ƙi motsi.

"Na bari, Ammi."

Aka yi fatiha.

An yi bikin bayan tsinkar ɗan zaitun da ya samu. Ba a yanka da yawa ba, amma bandiri ya yi ƙara, maza da mata suka jeru kafaɗa da kafaɗa suna rawar ahidus har ƙasa tana amsawa. Aka fito da Tuda cikin handira. Gefe guda yana ƙyalli, gefe guda ya dushe, wurin giɓin kuma Lalla Itto ta cike shi da jan ulu. Matan famfo suka gani, ba wadda ta ce komai. Tsofaffi suka dafa kawunan ango da amarya suna addu'a. Allah ya ba da zaman lafiya, ya cika gida da 'ya'ya, ya sa ƙafarta ta zo da ruwa. Kowa ya ce amin da ƙarfi, musamman na ƙarshen.

Kwana biyu bayan haka suka shiga tasi zuwa Agadir da akwati ɗaya da buhun gari. Hanyar ta bi ta saman dam. Tuda ta sa hannu a aljihun rigarsa don ta ɗauki hankici, ta ji abu ya soke ta. Ta fito da shi. Jig ne, mai guntun jan ulu a wuya.

"Ɓarawon Ulu," ta ce a hankali. "Ka ce ka bari."

"Na farkon ne. Ba na kamu ba ne."

Ta mayar masa, ta bar hannunta a cikin nasa. Ta taga suna ganin laka har iyakar ido, da itatuwan baƙaƙe, da ɗan ruwan da ya rage can tsakiya, inda sauran muzun ɗin kakarta suke kwance. Direba ya rage rediyo. Tsohuwar da ke kujerar gaba tana jan carbi.

Tuda ta kwantar da kanta a kafaɗarsa.

"Yidir, in ruwan ya dawo, wa zai tarar a nan?"