Ranar da Ruwa Ya Kama da Wuta a Gaban Malama

A wani gari mai nisa an yi wata malama wadda ba a yi mata musu. Kullum takan nuna rukunin farko na jadawalin sinadarai ta ce, "Na sama ya fi faɗa, na ƙasa ya fi sanyin hali."

Ran nan wata ɗaliba ta ce, "Malama, a gwada mana."

Malama ta jefa ɗan sodiyam, wani sinadari na rukunin, a ruwa, ya yi ta zagaye yana huci. Ta jefa fotasiyam da ke ƙasansa a jadawalin, sai wuta ta tashi. Ashe na ƙasa ne ya fi faɗa.

Can ta ce, "Ku ɗauko littattafanku mu gyara. Shekara goma ina koyar da kuskure."